Na ci amanar marayu, da wane ido zan dubi Allah?

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekara uku ke nan da wana ya rasu, ya bar mata da yara uku. Da aka biya haƙƙinsa na wurin aiki, dangi suka ce kuɗin su zauna a hannuna saboda karatun yaran. Na zuba su a wata harka da niyyar in juya in mayar, harkar ta rushe, ragowar kuma na yi ta taɓawa har suka ƙare. Da matar wana ta tambaye ni, na rantse mata da sunan Allah cewa kuɗi suna nan. Tun daga ranar ban ƙara iya yin addu'a ba. Ina zuwa sujada, amma in an zo Jibin Ubangiji sai in sulale. Na yi azumi, na ƙara baikon da nake bayarwa a sujada, ban ji komai ya sauya ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe baki a gaban Allah ba sai ranar da na haɗa kuɗin, ga shi ko rabi ban haɗa ba. Yanzu ƙaramar 'yata ba ta da lafiya, zuciyata tana ce mini alhakin marayu ne. Ko matata ba ta san komai ba. Baba, rantsuwar nan ita ce saɓon Ruhu Mai Tsarki da ba a gafartawa? Akwai sauran jinƙai domin irina?

Ɗanka cikin Ubangiji.

Ɗana, akwai. Na fara da amsar ne domin wanda ya shekara uku da wannan nauyi a ƙirji bai kamata a ja masa rai ba. Akwai jinƙai dominka yau ɗin nan, ba sai ranar da kuɗi suka cika ba. Sai dai ka daure ka bi ni har ƙarshe, gama akwai maganar da za ta yi maka ɗaci.

Abin da ka yi babba ne, ba kuwa zan sauya masa suna ba. Kuɗin marayu ka ci, ka rufe da ƙarya, ka ɗauko sunan Allah ka danne ƙaryar da shi. A Fitowa 22:22-24 Allah ya ja kunnen Isra'ila kada su cuci gwauruwa ko maraya, ya ce in suka yi masa kuka lalle zai ji. A Dokoki Goma kuma ya ce ba zai ƙyale mai kama sunansa a banza ba. Lamirinka ba ƙarya yake yi maka ba, aikinsa yake yi. Na kuma lura da wani abu a wasiƙarka. Ka ba ni labarin azabarka dalla-dalla, matar wanka kuwa layi ɗaya ta samu. Baiwar Allahn nan tana kwana tana tashi da lissafin cewa karatun 'ya'yanta yana nan a ajiye. Wataƙila akwai aikin da ba ta nema ba, akwai taimakon da ba ta roƙa ba, don ta jingina da rantsuwarka. Duk ranar da ka ƙara a cikin shiru, ita da yaran ne ke biya. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Batun saɓon Ruhu Mai Tsarki, buɗe Markus 3:22-30 ka karanta da kanka. Malaman Attaura da suka zo daga Urushalima sun san Yesu yana fitar da aljannu, ba su musa ba, sai suka ce da ikon Ba'alzabul sarkin aljannu yake yi. Markus ya faɗi dalilin gargaɗin a aya ta 30: don sun ce baƙin aljan ne a jikinsa. Mutane ne da suka ga aikin Allah ƙiri-ƙiri suka kira shi aikin Shaiɗan, suka kafe a kai, ba su neman gafara don ba su ga suna bukatarta ba. Kai kuwa ga ka kana tambaya ko da sauran jinƙai. Wa kake tsammani yake tsikarar zuciyarka duk shekarun nan, in ba Ruhun da kake tsoron ka saɓa ba? Aya ta 28 ma, wadda masu tsoro kan tsallake, cewa ta yi za a gafarta wa 'yan adam dukan zunubansu da kowane irin saɓon da suka furta. Rantsuwarka tana cikin wannan.

Laifin nan naka yana rubuce a Attaura kamar an gan ka. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi maganar mutumin da aka ba shi ajiya ya ci, ya yi wa mai ita ƙarya, har ya rantse a kan ƙaryar. Ba a ce a jajjefe shi ba, ba a ce a raba shi da jama'a ba. An ce ya mayar da abin cif, ya ƙara humushinsa a kai, ya damƙa wa mai shi. Sa'an nan ya kawo rago marar lahani wurin firist, hadaya domin laifi, firist ya yi kafara dominsa a gaban Ubangiji, za a kuwa gafarta masa. Abu biyu ne, kowanne da inda ya dosa. Kuɗi na mai kuɗi ne. Kafara kuwa tana wurin hadaya, kuma ba mai laifin ne yake yi wa kansa ita ba, wani ne yake tsayawa dominsa. Kai ka cakuɗa biyun suka zama ɗaya, kana ganin ranar da ka cika kuɗin ka sayi izinin shiga gaban Allah. Nan ne ka ɓata hanya.

Mutum biyu cikin almajirai goma sha biyu suka ci amanar Yesu a daren da aka kama shi. Dubi Yahuza a Matiyu 27:3-5. Duk abin da kake shirin yi, ya yi. Ya yi nadama. Ya mayar da kuɗin, azurfa talatin ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu. Ya ma furta da bakinsa cewa ya yi zunubi da ya ba da marar laifi. Amma ina ya kai maganar? Wurin manyan firistoci da shugabanni, su kuwa suka ce masa ina ruwansu, shi ya jiyo. Ya watsar da kuɗin a Haikali, ya fita ya rataye kansa. Bitrus kuma, a farfajiyar gidan babban firist, yana jin wuta, wata baranya ta dube shi ta ce shi ma yana tare da Yesu. Ya musa. Aka sake, ya sake musawa. A karo na uku, in ji Markus 14:71, har da la'antar kansa da rantse-rantse cewa bai san mutumin nan ba. Rantsuwar ƙarya ce irin taka, a kan Ubangiji kansa kuma, yana tsaye a hannun masu shirin kashe shi. Zakara ya yi cara, Bitrus ya fashe da kuka. Ba shi da abin da zai mayar, gama magana in ta fita ta fita. Duk da haka bai ware kansa ba, ya zauna cikin 'yan'uwa da kunyarsa. Da safiyar tashin Yesu, saƙon da aka ba matan a bakin kabari shi ne su je su faɗa wa almajiransa, har da Bitrus. Shi kaɗai aka kira da suna. A bakin Tekun Tibariya kuma, da ya ji an ce Ubangiji ne a gaɓa, ɗamara ya yi da rigarsa ya faɗa ruwa, bai jira jirgi ya kai gaci ba. Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Wanda ya ci amana aka sake ba amana.

Me ya raba su? Ba girman laifi ba ne, ba kuma yawan hawaye ba. Ɗaya ya ɗauki laifinsa ya yi ta neman yadda zai warware shi da kansa, ɗaya ya ɗauki nasa ya nufi wanda ya yi wa laifin. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 7:10 baƙin ciki iri biyu ne: akwai na ibada, mai kai mutum ga tuba da ceto, akwai na duniya, mai kai shi ga mutuwa. Na shekarunka uku ya fi kama da na biyun, shi ya sa nake yi maka magana da ƙarfi haka. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa gilma maka, ko da sau ɗaya ne cikin dare, kada ka kwana da shi. Faɗa wa matarka ko fastonka a ranar, ka kuma ga likita.

Alkawarin nan da ka yi wa kanka, cewa ba za ka yi addu'a ba sai ka biya, a ido kamar tawali'u ne. Tona ƙarƙashinsa ka gani. Ba ka so ka zo gaban Allah hannu wofi. Kana so ranar da za ka durƙusa ka iya cewa, ga shi na gyara. Girman kai ne, ɗana, irin wanda yake kama mutanen kirki, waɗanda aka saba yabo, waɗanda dangi kan ce a ba su ajiya. A Luka 18:9-14 Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Ɗaya Bafarisiye ne, wato ɗan ƙungiyar masu tsananta bin Attaura, ya zo da lissafi a hannu: azumi sau biyu a mako, ushirin duk abin da ya samu. Mai karɓar harajin, wanda kowa ya san irinsu da cin kuɗin mutane, ya tsaya can nesa, ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana cewa, ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi. Bai zo da komai ba. Yesu ya ce shi ne ya koma gida kuɓutacce a gaban Allah, ba ɗayan ba. Ka lura fa, ya tsaya nesa, amma ya shigo, ya kuma buɗe baki. Kai ka tsaya nesa ka kame bakinka.

Azuminka da baikonka ma nan suka faɗa. Ba a sayen gafara da yunwa. Baikon da kake ƙarawa kuwa ba naka ba ne, daga cikin haƙƙin marayu kake ɗiba kana miƙa wa Allah. Tsayar da shi. Sarki Dawuda, wanda yake da garkunan da zai iya yanka dubbai, ya ce a Zabura 51 Allah ba ya jin daɗin hadayar ƙonawa, da ya bayar. Abin da Allah ba zai raina ba shi ne karyayyar zuciya.

To, da wane ido za ka dubi Allah? A zamanin tsohon alkawari labule ne ya raba Wuri Mafi Tsarki da sauran Haikali. Babban firist kaɗai ke wuce shi, sau ɗaya a shekara, ranar kafara, ba kuwa zai shiga ba sai da jini, domin nasa zunubin da na jama'a. Sa'ad da Yesu ya saki ransa a kan gicciye, labulen nan ya tsage gida biyu daga sama har ƙasa, kamar yadda Markus 15:38 ya faɗa. A kan wannan ne wasiƙar Ibraniyawa ta tsaya. Ta ce muna da Babban Firist, Yesu Ɗan Allah, wanda ya san rauninmu, gama an gwada shi ta kowace hanya kamar mu, bai kuwa yi zunubi ba. Saboda haka, in ji 4:16, mu matso kursiyin alheri gaba gaɗi, domin a yi mana jinƙai, mu kuma sami alheri na taimako a lokacin bukata. Wa ke neman jinƙai in ba mai laifi ba? Gaba gaɗin nan ba daga tsabtar hannunka yake fitowa ba, daga jinin wanda ya riga ka shiga ne. Ragon da Littafin Firistoci ya ce a kawo, Allah ya riga ya tanada shi. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bai jira mu haɗa rabi ba. Shi ya sa 1 Yahaya 1:9 ta iya cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Allah ba kau da kai yake yi daga haƙƙin marayu ba sa'ad da yake gafarta maka. Hukuncin ya sauka, a kan Ɗansa ya sauka.

Ka ce ba ka ji komai ya sauya ba. Wannan kuka tsoho ne. Martin Luta, mutumin Jamus, ya shiga gidan zuhudu a Erfurt a 1505. Ya yi azumi, ya hana kansa barci, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa, ya fito ya tuna da wani ya koma. Hankalinsa bai kwanta ba, domin kullum tambayarsa ita ce ko ya yi nadamar da ta isa, ko ya furta duka. Shugabansa, Staupitz, ya yi ta juya masa fuska daga duban kansa zuwa duban Almasihu da raunukansa. Daga baya, yana koyar da Littafi Mai Tsarki a Wittenberg, inda ya bi da ɗalibansa ta cikin Romawa a 1515 da 1516, ya gane cewa adalcin Allah da ake magana a Romawa 1:17 kyauta ne da Allah yake ba mai bangaskiya, ba ma'aunin da yake jira ya kama shi da shi ba. Ba ka faɗa mini ikkilisiyarka ba, don haka bari in ƙara wannan: a 1999, a birnin Augsburg, Ikkilisiyar Katolika da tarayyar ikkilisiyoyin Lutheran ta duniya sun sa hannu tare a kan cewa ta wurin alheri ne kaɗai Allah yake karɓarmu, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wani abin yabo namu ba. Ko daga wace ƙofa kake shiga sujada, maganar ɗaya ce da Afisawa 2:8-9.

Bangaskiya ba sanyin zuciya ba ce, ba kuma tashin tsigar jiki ba. Kama Allah ne a kan maganarsa. Yesu ya ce a Yahaya 6:37 wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Ko dai ya faɗi gaskiya, ko bai faɗa ba. In ya faɗa, to ranar da ka zo an karɓe ka, ko zuciyarka ta ji ko ba ta ji ba. In ma kana ganin bangaskiyar taka ba ta kai ba, mutumin nan da ya kawo wa Yesu ɗansa mai aljan a Markus 9:24 ya riga ya ba ka kalmomi: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Yesu bai ce ya je ya ƙaro ya dawo ba, ya warkar masa da ɗa.

Daren yau ka shiga ɗaki ka durƙusa. Kada ka nemi kalmomi masu ƙawa, kada kuma ka ce kuskure ne ko ƙaddara. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Kira abin da sunansa: na ci kuɗin 'ya'yan wana, na yi wa uwarsu ƙarya, na rantse da sunanka a kan ƙarya, ba ni da hujja, ka yi mini jinƙai saboda Yesu. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga, ya yi shiru wata da watanni. Shirun nan irin wanda Zabura 32 ta kwatanta ne, ƙasusuwa suna lalacewa, ƙarfi yana bushewa. Da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, amsarsa ba ta wuce wannan ba: na yi wa Ubangiji zunubi. A cikin aya ɗaya tal, 2 Sama'ila 12:13, furcin ya fita, amsar ta dawo: Ubangiji ya kawar da zunubinka.

Yanzu mu komo kan matar wanka. Wani zai ce, ai Yesu ya faɗa a Matiyu 5:23-24 cewa in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Haka ne, ya faɗa. Amma cewa ya yi ka tashi ka je, yanzu, ka kuma dawo. Bai ce ka guje wa bagade ka guje wa ɗan'uwa shekara uku ba. Shiri kuma da gaskiya yake farawa, ba da cikar kuɗi ba. Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira shi daga kan itace, ya ce lalle yau a gidanka zan sauka, tun mutumin bai mayar da komai ba, jama'a suna ta gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Jinƙai ne ya buɗe masa hannu. Wanda ya ce an gafarta masa amma ya ƙi mayar da haƙƙin mutane, ruɗin kansa yake yi, gama tuban da bai taɓa aljihu ba a irin wannan magana, a baki ya tsaya.

Ka fara da matarka, cikin makon nan. Za ta ji zafi ka ɓoye mata, ka bar ta ta ji zafin, kada ka tare ta da bayani. Biyan nan zai taɓa gidanku duka, tana da haƙƙin sani. Daga nan ka sami fastonka, ko Fada in kai ɗan Katolika ne, ko wani dattijon ikkilisiya mai riƙe sirri, ka faɗa masa kome, ka roƙe shi ya raka ka. Kada ka je wurinta kai kaɗai, domin ta sami mai tsaya mata, kai kuma ka sami wanda zai hana ka zamewa in harshenka ya fara neman kwana. Ka riƙe takarda a hannu: abin da aka ba ka, abin da ka haɗa, abin da ya rage. In kun zauna, kada ka fara da labarin yadda harka ta rushe. Ka ce mata, kuɗin yaran nan na cinye su, rantsuwar da na yi miki ƙarya ce, na cuce ki, na cuci 'ya'yan wana. Ka ajiye abin da ka haɗa a gabanta a take. Ragowar kuma a rubuta yadda za ka riƙa biya da lokacin biya, a gaban shaida, gwargwadon abin da za ka iya cikawa, ba abin da zai yi daɗin ji ba. In kana da kadarar da za a iya sayarwa, sayar. Kuɗin kuma kada su sake kwana a hannunka, su tafi inda ita take da iko da su.

Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta zage ka, wataƙila ta tara dangi ko ta kai ƙara. Haƙƙinta ne. Kada ka jawo mata ayar yafe wa juna a ranar, ba daga bakinka ya kamata ta ji ta ba. Ka nemi gafararta, amma kada ka tsaya a kanta sai ta furta. Sunanka zai zube a idon waɗansu, mai yiwuwa ne kuma ikkilisiya ta sa ka a ƙarƙashin horo na ɗan lokaci. Karɓa. An gafarta wa Dawuda, duk da haka abin da ya shuka ya tsiro a gidansa. Gafara tana ɗauke hukuncin Allah, ba kullum take ɗauke kunyar duniya ba, kuma jinkirin yafewar matar wanka ba ya soke abin da Allah ya riga ya yi.

Batun 'yarka, kai ta asibiti, ka bi abin da likita ya ce, ka kuma yi mata addu'a, wadda shirunka ya hana ta samu daga bakin ubanta. Na san za ka tuna da jaririn da matar Uriya ta haifa wa Dawuda, wanda ya mutu saboda zunubin nan. A can Allah ne ya aiko annabi da magana ƙarara a kan wannan yaro. Kai ba wanda aka aiko maka, tsoronka ne yake yi maka annabci. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya ba, Yahaya 9:3. Ezekiyel 18:20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Kada ka mai da tubanka ciniki, wai in na faɗi gaskiya Allah zai warkar da ita. Ka faɗi gaskiya don ita ce daidai, ka roƙa mata lafiya don Ubanka ne kake roƙo.

Jibin Ubangiji kuwa, da ka daina ci kana riƙe da ƙarya, ba ka yi laifi ba. Amma 1 Korantiyawa 11:28 cewa ta yi kowa ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Gwajin don a ci ne, ba don a sulale ba. Da zarar ka furta wa Allah, ka faɗa wa matar wanka gaskiya, ka fara biya, ka zauna da fastonka ku tsai da ranar komawarka bisa ga tsarin ikkilisiyarku. Ba sai bashin ya ƙare ba. Kafin nan ka riƙa zama a wurinka har a tashi sujada. In kuma kun zo rubuta tsarin biya, ka tambaye ta wane ne cikin yaran karatunsa ya fi matsuwa, a fara da nasa.